Gidan kula da tsofaffi ko zama cikin iyali: yadda yinin dattijo Bahaushe yake kasancewa a Ingila

Hausawan da suka tafi Ingila karatu ko aiki a shekarun 1960 da 1970, zama ya kama su a can, yau akasarinsu sun haura shekara 75, wasu ma sun ba 80 baya. Ƙarfi ya ja baya, gwiwa ta ƙi, ido ya rage, wasu kuma mantuwa ta fara shigarsu, ga shi 'ya'yan da za su duba su kowa yana fita aiki tun da duhun safiya, ba ya dawowa sai bayan magariba. Iyalai da dama a Landan da Mancesta da sauran garuruwa sun iso gaɓar da dole su zaɓi ɗayan biyu: ko dai dattijo ya ci gaba da zama a gidansa ko gidan ɗansa, ma'aikatan kula suna zuwa suna taimaka masa a lokutan da aka tsara, ko kuwa ya koma gidan kula da tsofaffi inda akwai masu duba shi dare da rana. Idan aka zauna shawara, abu biyu ne suke cinye zaman, wato kuɗi da abin da dangi za su ce a gida idan suka ji an kai Baba gidan gajiyayyu. Dukansu suna da nauyi, amma a ganina akwai ma'aunin da ya fi su kusa da mai abin, kuma shi aka fi mantawa: yaya yininsa zai kasance daga asuba zuwa kwanciya, me hannunsa zai riƙa yi, kuma idan ya ɗauko labarin zamaninsu wa zai saurare shi, da wane harshe.

Gidajen kula da tsofaffi a Ingila iri biyu ne. Akwai wanda aikinsa ya tsaya ga wanka da sutura da ciyarwa da ba da maganin da likita ya rubuta, akwai kuma wanda yake da ma'aikatan jinya masu rajista a kowane lokaci saboda waɗanda lalurarsu ta yi tsanani. Hukumar CQC, wadda ta fara aiki a 2009, ita ce take yi musu rajista da bincike, tana ɗora kowane gida a ɗayan matakai huɗu, daga mafi inganci zuwa wanda ya gaza, kuma kowa yana iya karanta rahotonta a intanet. Kamfanonin da suke tura ma'aikata gidajen mutane su ma a ƙarƙashinta suke. Aikin waɗannan galibi ziyara ce, daga sau ɗaya zuwa sau huɗu a yini, kuma hukumar NICE mai ba da shawara kan lafiya ta ce tun 2015 kada ziyarar ta gaza rabin awa sai da dalili. Ko da an samu ziyara huɗu ta rabin awa, awa biyu ke nan cikin 24, ragowar kuwa a wuyan iyali take.

A gidan kula da tsofaffi agogo ne yake tafiyar da yini. Da safe ake taimaka wa mai buƙata da wanka da sutura, a karya kumallo, a raba magani. Abincin rana, wanda galibi shi ne mafi nauyi, yana zuwa bayan sha biyu kaɗan, shayi da biskit wajen ƙarfe uku, na dare kuma tun wajen biyar. Tsakanin waɗannan ne ma'aikacin da aka ɗauka musamman domin ɗebe wa mazauna kewa yake aikinsa, kuma a yawancin gidaje za ka tarar da jadawalin mako manne a bango: motsa jiki a zaune, rera waƙa a tare, wasan lambobi da ake kira bingo, kacici-kacici, zane da saƙa, shuka a lambu, ranar mai gyaran gashi, ziyarar 'yan firamare, wani lokaci a fita da mota zuwa bakin teku. Bai kamata a raina wannan ba. Tsohon da yake da dalilin sauka daga gado, yake cin abinci cikin mutane, yake motsa hannu da ƙafa kullum, ya fi wanda yake zaune shi kaɗai gaban talabijin samun ci da barci, kuma ranar da ya ture kwanon abinci ko ya yi shirun da bai saba ba, akwai idon da zai lura kafin dare.

Sai dai jadawalin nan an yanka shi ne daidai jikin waɗanda aka haifa a Ingila. Dattijon da ya tashi a Fagge ko Tudun Wadan Zariya yana iya kallon bingo a matsayin caca, waƙoƙin da ake rerawa na gidajen rawa ne da bai taɓa shiga ba, karen da ake kawowa domin mazauna su shafa shi kuwa alwalarsa yake tunani. Ba zai yi ƙorafi ba, domin kunya da kawaici sun hana shi cewa abin da aka shirya masa da kyakkyawar niyya bai yi masa ba. Zai yi godiya ya koma ɗaki, ma'aikata su rubuta a takardarsa cewa mutum ne mai son kaɗaici, alhali a gida shi ne wanda majalisa ba ta watsewa sai ya tashi. Wannan kuskuren fahimta yana iya ɗaukar watanni ba a gano shi ba, kuma yana mayar da gida mai cike da mutane wurin zaman kaɗaici ga mutum ɗaya.

Zaman gida yana da abin da gidan kulawa ba zai iya sayarwa ba. Dattijo ya san inda butarsa take, ya san kusurwar alƙibla ko da ido rufe, ƙanshin miyar da ake kaɗawa ya san shi, jikoki suna shigowa su gaishe shi kafin su tafi makaranta. Ga mai cutar mantuwa, wadda a gida ake cewa gigin tsufa, sanin wuri da fuskoki ba ƙaramin abu ba ne, domin sauyin muhalli yakan ƙara ruɗa shi. Amma a faɗi gaskiya, gidan Landan ba gidan Kano ba ne. Babu zaure, babu dakali, babu maƙwabcin da zai leƙo ya ce Alhaji an tashi lafiya. Daga ƙarfe takwas na safe zuwa shida na yamma gida yakan zama kango, ma'aikaciya ta shigo ta ɗumama abinci ta ba da magani ta wuce gida na gaba, fuskar da ta zo jiya ba lallai ita za ta zo gobe ba. Da hunturu, lokacin da rana take faɗuwa a Landan kafin ƙarfe huɗu, tsohon da ƙafarsa ba ta da ƙarfi yana iya yin makonni bai taka ƙofar waje ba, har Juma'a ta gagare shi in babu mai kai shi. Saboda haka kafin a ce zaman gida ya fi, a lissafa awa nawa ne a yini yake tare da mutumin da zai yi masa magana.

Akwai kuma cutarwar da ladabi yake jawowa ba da niyya ba. Da Baba ya miƙe zai ɗauki wani abu sai a ce ya zauna, da Hajiya ta nufi kicin sai a ce ta bari, har a wayi gari an raba su da kowane aiki. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, sun yi gwaji a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka: mazauna wani hawa aka ba su tukunyar shuka su zaɓa su kula da ita da kansu, aka kuma bar musu zaɓin daren da za su kalli fim, na ɗaya hawan kuwa aka ce musu ma'aikata za su yi musu komai. Bayan makonni uku, waɗanda aka bar wa ɗawainiya sun fi kuzari da walwala da shiga mutane. A nan gida ya fi sauƙin gyarawa, in iyali sun yarda, domin aikin da ya dace da tsohonmu a gida yake: gyaran wake, tsinkar alayyafo, yankan kuɓewa, ninke kaya, biya wa jikoki karatu, jan sallar magariba, sa baki idan yara sun saɓa. Gidan kulawa nagari shi ma yana ba mazauna aiki, kamar jera cokula a tebur ko ba shuka ruwa, amma sai an gaya musu abin da wannan mutum ya iya kuma yake alfahari da shi.

Inda bambancin ya fi fitowa fili shi ne tuna baya. Da can likitoci a Turai da Amurka suna ɗaukar yawan labarin ƙuruciya a bakin tsoho alamar ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. A 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Robert Butler, ya bayyana cewa waiwayen rayuwa aiki ne da ɗan Adam yake yi idan shekaru sun tura, yana jera abin da ya wuce, yana neman warware abin da ya tsaya masa a rai. Daga nan zaman tuna baya ya shiga gidajen tsofaffi, har ya zama abin da kusan kowane gida yake yi: a taru a falo, a fito da tsofaffin hotuna da kuɗin da aka daina kashewa da kayan aikin gida na da, a kunna waƙoƙin zamanin samartaka, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Wasu gidajen suna ajiye wa kowane mazauni akwatin abubuwan tunawa ko littafin tarihin rayuwarsa. A 2018 cibiyar Cochrane, mai auna sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 22 da suka shafi mutum kusan 2,000 masu cutar mantuwa, ta ga amfanin ƙarami ne kuma bai zo iri ɗaya a ko'ina ba, amma akwai alamarsa a jin daɗin rayuwar mazauna gidajen kulawa, da yanayin zuciya, da iya hira da mutane. Ba ya warkar da cutar, ba ya kuma tsayar da ita, abin da yake yi shi ne ya ba mutum fagen da shi ne masani.

Tambayar ita ce bayan wa ake tunawa. Masu nazarin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa abin da mutum ya fi riƙewa a tsufa shi ne abin da ya gani tsakanin shekara 10 da 30 na rayuwarsa. Baturen da aka haifa a 1945 zai tuna naɗin Sarauniya a 1953, da katin rabon abinci da aka daina a 1954, da kofin duniya da Ingila ta ci a 1966, kuma kayan da ke cikin akwatin gidan duk na wannan tarihin ne. Sa'ansa da aka haifa a Kano kuwa dalar gyaɗa ce a idonsa, da kukan jirgin ƙasa, da karatun dare a makarantar allo ana zagaye da wutar kara, da hawan dabar da aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956, da ranar 1 ga Oktoba 1960, da safiyar Janairun 1966 da aka wayi gari babu Sardauna. In bai bar gida da wuri ba, ya ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, ya ga ranar da motoci suka koma hannun dama a 1972, da ranar da naira da kwabo suka kori fam da sule a 1973, da kuɗin Udoji. Tsohuwa kuma nata ya fi karkata ga gaɗa a dandali, da tallar da ta yi, da ƙunshi da buɗar kai, da sautin luguden daka da hantsi. Idan aka zaunar da su a da'irar da ake zagayawa da katin rabon abinci, za su riƙe shi su miƙa wa na gaba, babu abin da zai motsa a ransu. Akwai ma kashi na uku na tarihinsu da ba Bature ba ɗan gida da ya san shi, wato saukowa daga jirgin ruwan da ya taso daga Apapa zuwa Libaful, da sanyin farko, da masu gidajen haya da suke rufe ƙofa idan sun ga baƙar fata. Wannan sai abokan zamansu na lokacin, shi ya sa duk zaɓin da ya yanke dattijo daga tsofaffin abokansa na masallaci ko na ƙungiyar 'yan gida ya yi masa asarar da ba a gani a takarda.

Harshe ya ƙara tsananta lamarin. Sananne ne cewa mai harshe biyu idan cutar mantuwa ta yi nisa yakan rasa wanda ya koya daga baya ya koma na uwa, ta yadda likita ko lauyan da ya yi shekara 40 yana aiki da Turanci zai wayi gari Hausa kaɗai take fita bakinsa. A gidan da babu mai jin ta, neman ruwa ko kukan ciwon ciki sai ya zama surutun da ba a gane ba, in ya fusata a rubuta cewa yana da rikici. Daga Fabrairun 2022, da aka buɗe wa ma'aikatan kula da tsofaffi ƙofar biza, zuwa Yulin 2025 da aka rufe ta ga masu zuwa daga waje, 'yan Najeriya da Gana da dama sun shiga wannan aiki, don haka samun ɗan ƙasa a cikin ma'aikata ba wuya, amma ɗan ƙasa daban, mai jin Hausa daban, sai an tambaya takamaimai. Al'ada ma tana iya rikita ma'aikaci mai kyakkyawar niyya. Tsohuwar da aka tambaya sunan mijinta ko na ɗanta na fari ta sunkuyar da kai ta yi shiru ba mantawa ta yi ba, alkunya ce, kuma wanda aka tambaya ranar haihuwarsa ya ce shekarar da aka naɗa sarki kaza ya ba da amsa daidai da yadda aka lissafa masa. In babu ɗan gida a wurin, duk wannan yana iya shiga takarda a matsayin alamar cuta.

Da wannan za a zaci gida ya yi nasara kai tsaye, amma ba haka abin yake ba koyaushe. Jikokin da aka haifa a Ingila da yawansu Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. 'Ya'ya kuma sun ji labarin sau ba adadi, sun dawo a gajiye, sai ka ji an ce Baba ai ka faɗa mana wannan ɗazu, ko a riƙa yi masa jarrabawa ana nuna masa mutane ana cewa wane ne wannan, ka gane shi. Wanda ya fi muni shi ne ya tambayi mahaifiyarsa a ce masa ai Inna ta rasu tun shekara talatin, ya ji rasuwar sabuwa fil, gobe kuma a maimaita. Ma'aikatan da aka horar sun san kada a yi gardama da mai mantuwa, sun san a ce masa ya ba da labarin Innar, sun kuma san su sauya zance idan labari ya kai ga abin da yake sa kuka, domin ba kowane baya ne yake da daɗin tunawa ba: akwai yaƙi, akwai 'ya'yan da aka binne, akwai auren da ya mutu. Iyali suna da tarihin da harshen, ma'aikata suna da haƙurin da horon. Sai dai horon ana iya koyonsa cikin 'yan watanni, tarihin kuwa ba a koyonsa, shi ya sa a wannan fanni nake fifita gida, da sharaɗin a ware lokacin hira kamar yadda ake ware lokacin magani, a kunna masa sashen Hausa na BBC da ya saba ji tun yana yaro, tunda tun 1957 yake watsa shirye-shirye, a kuma haɗa shi da 'yan'uwansa na gida ta waya a ranakun da aka sani.

Batun ibada da mutuncin jiki doka ta taɓa shi. Ƙa'idojin 2014 da CQC take bincike da su sun wajabta a kula da mutum gwargwadon buƙatarsa da zaɓinsa, a kiyaye mutuncinsa, abincinsa kuma ya dace da addininsa da al'adarsa. Amma abin da doka ta ce da abin da ma'aikacin dare ya sani ba ɗaya ba ne. Dole a rubuta cewa tsarki da ruwa ake yi, cewa mace ce za ta yi wa Hajiya wanka, namiji ya yi wa Alhaji, cewa lokutan salla suna tafiya da rana, magariba kafin huɗu a Disamba, bayan tara a Yuni, don kada a kira shi cin abinci yana kan sallaya. A rubuta sunan da za a kira shi da shi, domin a can kiran tsoho da sunansa na yanka alamar sabo ce, a wurinmu kuwa yarinya sa'ar jikarsa ta kira shi gatsau abu ne da zai kwana da shi a rai. Abincin halal da gidaje da yawa suke samarwa na girkin Indiya da Pakistan ne, alhali abin da zai buɗe masa ciki tuwo ne da miyar kuka, ko kunu da safe, kuma yawancin gidaje suna yarda a kawo daga gida in an shirya da su. A gida duk wannan ba ya buƙatar rubutu idan iyali ne suke yi, amma da zarar kamfani ne yake turo ma'aikata, matsalar namiji da mace tana nan, wataƙila ma ta fi, saboda yawan sauyin masu zuwa.

Dare kuwa na gidan kulawa ne, babu tantama. Mai cutar mantuwa yakan rikice idan yamma ta yi, ya ɗauki hularsa ya ce zai tafi gida alhali yana cikin gidansa, ya buɗe ƙofa cikin sanyi, ko ya kunna gas ya manta. Gidajen Ingila da yawa matakalarsu ƙunci gare ta, banɗaki kuma a sama yake, faɗuwa ɗaya tana iya karya ƙugu ta kwantar da mutum har ƙarshen rayuwarsa. Wanda yake ɗauke da wannan nauyi a gida kusan kullum mace ɗaya ce, mata ko 'ya ko matar ɗa, kuma wadda ta yi wata shida ba ta yi barcin kirki ba haƙurinta zai ƙare komai imaninta. Dokar kula ta 2014 ta ba mai jinya haƙƙin ƙaramar hukuma ta duba nasa buƙatun, akwai kuma alawus ga wanda yake jinya awa 35 ko fiye a mako, amma alawus ba ya maye gurbin barci. Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta yi umarni da kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, ta hana ko da furucin ƙosawa. A fahimtata, kulle tsoho shi kaɗai awa goma don gudun bakin dangi ba kyautatawa ba ce, kai shi gidan kulawa a riƙa leƙa shi daga salla sai salla ita ma ba ita ba ce. Bayan abin da aka gani lokacin korona a 2020, da aka rufe gidaje tsofaffi suka yi watanni ba su ga nasu ba, an kafa ƙa'ida a Afrilun 2024 da ta wajabta wa gidajen ba da damar ziyara sai in akwai dalili na musamman, saboda haka ƙofar a buɗe take ga iyalin da suke son zuwa kullum.

Kuɗi yana da nasa hukunci. A Ingila wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi yake biya wa kansa, kuma kuɗin gidan kulawa a wurare da yawa ya wuce fam 1,000 a mako. Idan a gida ake kula da mutum ba a sa darajar gidan da yake ciki a lissafi, amma idan ya koma gidan kulawa na dindindin ana sa ta, sai dai in matarsa ko mijinta, ko wani ɗan'uwa mai shekara 60 ko fiye, yana zaune a ciki. Wanda babbar buƙatarsa ta jinya ce yana iya cancantar NHS, hukumar kiwon lafiya ta ƙasar, ta biya komai, kuma ya kamata a nemi a gwada shi. Abin da iyalanmu da yawa ba su sani ba shi ne ƙaramar hukuma tana iya ba mutum kuɗin kulawarsa a hannu ya ɗauki ma'aikacin da yake so, ko da yake galibi ba a yarda ya zama ɗan'uwan da suke gida ɗaya ba. Ta wannan hanya ana iya ɗaukar mai jin Hausa, wanda zai yi wankan ya kuma yi hirar.

Akwai masu cewa a mayar da shi gida Najeriya kawai. A Kano ko Katsina yinin dattijo yana cika kansa: masallacin unguwa sau biyar, majalisa da la'asar, suna da ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa, kowa ya wuce ya durƙusa. Ta fuskar hira da tuna baya babu zaɓin da ya kai wannan ga wanda hankalinsa yake daidai kuma yake da gidan da za a riƙe shi. Amma likitocin tsofaffi kaɗan ne ƙwarai, cibiyar farko da aka gina musamman dominsu sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan, cibiyar ƙasa ta kula da dattawa kuma a 2021 ta fara aiki. Fanshon gwamnatin Birtaniya ba a ƙara shi kowace shekara ga mazaunin Najeriya, a kan adadin da aka tafi da shi yake tsayawa, alawus ɗin masu buƙatar kulawa yana yankewa, wanda kuma bai karɓi zama ɗan ƙasa ba izinin zamansa na dindindin yana lalacewa idan ya yi shekara biyu a waje. Ga mai mantuwa kuwa, gidan da yake kira da yamma na shekara 60 da suka wuce ne, in aka kai shi yau ba lallai ya gane unguwar ba, kuma akwai haɗarin a ɗauki cutar tasa sammu ko shafar aljanu.

Idan dattijo yana da hankalinsa ko mantuwar tana farko, yana barci da dare, akwai kuma aƙalla mutum biyu da za su raba ɗawainiyar, ni zaman gida nake ba da shawara, a haɗa da ma'aikaci mai jin Hausa in an samu, da cibiyar yini ko zaman masallaci sau biyu ko uku a mako don kada bango ya cinye shi. Idan ya fara fita da dare, ko faɗuwa ta yawaita, ko yana buƙatar mutum biyu su ɗaga shi, ko mai jinyar ta fara rashin lafiya, gidan kulawa ya fi, kuma a zaɓi mafi kusa da iyali ko da wani mai nisa ya fi shi kyan gini, domin hirar Hausa da tuwon dare daga wurin iyali za su ci gaba da fitowa. A kowane hali maganar tasa ce farko. Dokar 2005 kan ikon yanke shawara ta ɗauki kowane baligi a matsayin mai iya zaɓar wa kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma takardar wakilci da za ta ba ɗa ko 'ya ikon yanke masa shawara kan lafiya da dukiya sai yana cikin hankalinsa ake yin ta, don haka kada a jira.

Gani ya kori ji, saboda haka rahoton CQC kaɗai bai isa ba. A je gidan da la'asar, lokacin da gajiya ta kama kowa, a duba ko mazauna suna yin wani abu ko an jera su gaban talabijin, ko ma'aikata suna durƙusawa daidai fuskar mutum idan za su yi masa magana, ko abin da ke jadawalin bango shi ake yi a wannan sa'ar. A tambayi mai shirya ayyukan me za ta yi wa mutumin da bingo da waƙoƙin Turawa ba su dame shi ba, a saurari ko za ta tambayi wane ne shi. Yawancin gidaje suna karɓar mutum na mako ɗaya ko biyu domin mai jinya ta huta, kuma wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gwaji kafin a saki gidan haya ko a sayar da wani abu. A tafi masa da sallayarsa da butarsa da carbinsa da rediyonsa, da hotuna masu bayani a ƙasa, da takarda ɗaya mai kalmomin Hausa na buƙatun yau da kullum yadda ma'aikaci zai iya karantawa, a kuma raba ranakun ziyara tsakanin 'ya'ya da abokansa tun kafin ya shiga. Bayan makonnin a duba nauyinsa da barcinsa da yawan maganarsa, a tambaye shi da Hausa, ba a gaban ma'aikata ba, sannan a sake zaman shawara tare da shi.